Me ya sa titi ɗaya a Amurka yake ɗauke da lamba biyu ko uku?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Greensboro, jihar North Carolina, kuma ban daɗe da fara tuƙi a ƙasar nan ba. Duk lokacin da zan je Durham sai in ga allo ɗauke da lamba 40 da 85 a jere, alhali titin ɗaya ne. Abin bai dame ni ba sai ranar da muka tashi zuwa Columbus ɗaurin aure. A cikin Virginia na ga allo ya ce 77 Arewa, kusa da shi kuma 81 Kudu, duk a hannun da nake tafiya. Sai da na ratse gidan mai na yi tambaya. Shin kuskure ne ko da gangan aka yi? Ƙasa mai arziki irin wannan, me ya hana kowace hanya ta sami titinta? Kuma ina shirin koyon jan tirela, yaya zan riƙa gane inda nake a irin waɗannan wurare?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri a auren, ya kuma ba da sa'a a koyon mota. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko allon kuskure ne, me ya sa ake ɗora hanya a kan hanya, sannan yadda direba zai kama gabansa a irin wurin. Ta farko ba ta da tsawo. Ba kuskure ba ne. Inda ka ratse ɗin nan, tsakanin Fort Chiswell da Wytheville, duk wanda ya ja tirela a gabashin Amurka ya san shi, kuma allon gaskiya ya faɗa maka sau biyu. Sauran biyun ne suke son zama. Na yi shekaru ina jan tirela tsakanin jihohi kafin in koma ofis ina raba wa direbobi lodi, kuma hanyar da ka bi zuwa Columbus ta ɗauko kusan duk dalilan da ke haifar da wannan abu, saboda haka a kanta zan ɗora yawancin bayanin.

Lambar ta tafiya ce, ba ta kwalta ba

Abin da ya kamata ka fara cirewa a ranka shi ne zaton cewa lambar da ke cikin garkuwar nan mai shuɗi da ja sunan kwaltar da kake takawa ne. Lambar tana nufin doguwar tafiya ce daga wani gari zuwa wani. I-40 ta taso daga Barstow a Kalifoniya ta ƙare a Wilmington, bakin tekun jiharku. I-85 ta taso daga Montgomery a Alabama ta ƙare a Petersburg ta Virginia. Tafiya biyu ce daban, kowace da inda ta dosa, amma daga gabashin Greensboro zuwa Hillsborough buƙatarsu ta zo ɗaya, sai aka haɗa su a titi guda mai faɗi. A Hillsborough 85 ta kama hanyar Durham, 40 ta gangara wajen Chapel Hill da Raleigh. Kamar motar Kano da motar Sakkwato ne in sun tashi daga Kaduna: titi ɗaya suke bi har Zariya, can mai zuwa Sakkwato ya karkata ta Funtuwa. Bambancin kawai shi ne mu da sunan gari muke kiran hanya, su kuwa da lamba, don haka dole allon ya ɗauki lambobin biyu.

Tsarin kansa, wato na manyan hanyoyin da ake kira Interstate, masu harafin I kafin lambar, ya samo asali ne daga dokar da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a ranar 29 ga Yunin 1956. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin ɗari na kuɗin gini, jihohi suka ɗauki kashi 10, amma titin mallakar jiha ne, ita ke gyara shi, ita ke kafa alluna. An fara da shirin mil 41,000, yau ya haura mil 48,000. Aka kuma yi ƙa'idar lamba: mara, irin su 77 da 81 da 85, na kudu da arewa ne, suna ƙaruwa daga yamma zuwa gabas, tun daga I-5 a gaɓar yamma har I-95 a gaɓar gabas. Cika, irin su 40 da 64 da 80, na gabas da yamma ne, suna ƙaruwa daga kudu zuwa arewa. Riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin ita ce ta haifar da allon da ya tsayar da kai. Hanya mai lambar mara, ko da ta kwana tana tafiya yamma, allonta ba zai daina cewa Arewa ko Kudu ba, saboda yana magana ne a kan inda doguwar tafiyar za ta ƙare, ba inda hancin motarka yake kallo a wannan minti ba.

Abin da ya faru a Wytheville

Yankin nan na kudu maso yammacin Virginia duwatsun Appalachian ne, jeri bayan jeri, a kwance daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, da dogon kwari a tsakaninsu. I-81 ta sami sauƙi, ta kwanta cikin kwarin tana bin tsawonsa. I-77 kuwa aikinta shi ne ta ratsa duwatsun a gicciye. Ka tuna doguwar hawan nan da kuka yi bayan kun bar North Carolina, wajen Fancy Gap, inda hazo ke yawan rufe hanya, inda masu gangarowa suke da wuraren da aka tanada don tirelar da birkinta ya tsinke? Wannan ita ce ƙofar kudu. Ta arewa kuma ramuka biyu ne da aka huda cikin dutse, na Big Walker da na East River, waɗanda aka buɗe a farkon shekarun 1970. Matsalar ita ce inda 77 ta faɗo cikin kwarin daga kudu da inda take fita ta arewa ba su daidaita ba. Akwai tazarar kusan mil tara a tsakani, kuma mafitar arewan tana yamma.

Saboda haka mai zuwa arewa a kan 77, in ya iso Fort Chiswell, dole ya yi yamma na ɗan lokaci. A kan 81 kuwa, wanda ya yi yamma a wannan wuri Bristol ya dosa, wato ƙarshen kudu na hanyar a cikin Virginia. Shi ke nan, hannu ɗaya ya zama 77 Arewa kuma 81 Kudu, ɗaya hannun ya zama 77 Kudu kuma 81 Arewa, alhali in ka duba rana, ba kudun kake yi ba, ba arewan ba. An faɗaɗa wurin zuwa layi uku a kowane hannu don ya ɗauki motocin hanya biyu, kuma yawancinsu manyan motoci ne, domin 81 tana cikin hanyoyin da tirela ta fi yawa a ƙasar.

Ba nan kaɗai ba ne. A Berkeley ta Kalifoniya, a bakin ruwa, akwai inda hannu ɗaya yake 80 Gabas kuma 580 Yamma, motar kuwa arewa take kallo. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Milwaukee: in ka baro wajen filin jirgin sama ka yi yamma a kan I-894, allo zai jera maka 41 Arewa, 43 Kudu, 894 Yamma. Kusurwa uku a allo guda, saura gabas kawai a cika.

Ruwa ma yana yin abin da dutse yake yi. Tafkin Michigan ya zuro ƙafarsa kudu sosai, don haka duk wata hanya da ta taso daga arewa maso yammacin ƙasar za ta je gabas, sai ta zagaya ta ƙarƙashinsa. Shi ya sa a tsakanin Chicago da Gary za ka ga 80 da 90 da 94 suna musayar abokan tafiya: cikin Chicago 90 da 94 ne a haɗe, a kan iyakar Indiana 80 da 94 ne, gaba kaɗan kuma 80 ta saki 94 ta kama 90. Babban kogi haka yake. Gada tana da tsada, in an gina ɗaya sai kowa ya bi ta kanta. A St. Louis gadar Poplar Street ta daɗe tana ɗauke da 55 da 64 da 70 a kan kogin Mississippi, sai a 2014 da aka buɗe sabuwar gada aka mayar da 70 can.

Titin da aka tarar a ƙasa

Dalili na biyu kuɗi ne, kuma shi ma ka taka shi a tafiyarka. Bayan kun wuce ramukan nan biyu kun shiga West Virginia, kun hau titin biya, wato na biyan kuɗin ƙofa, wanda daga Beckley zuwa Charleston yake ɗauke da 64 da 77. An buɗe wannan titi tun 1954, kafin a kafa dokar Eisenhower. Da aka zo shimfiɗa 64 daga gabas, sai aka karkato da ita zuwa Beckley ta hau kan wanda yake akwai, maimakon a sake fasa wasu duwatsun har Charleston. Duk wanda ya ga yanayin ƙasar wurin ba zai tambayi dalili ba.

Jihohi da dama sun riga gwamnatin tarayya. Pennsylvania ta buɗe titin biyanta a 1940, Ohio ta kammala nata a 1955, Indiana a 1956. Da bashi aka gina su, ana biya da kuɗin da direbobi ke bayarwa a ƙofa. In da tarayya ta shimfiɗa titin kyauta a gefensu, da ta kashe kuɗi sau biyu, ta kuma karya jihohin da ake bin bashin. Sai a 1957 aka shigar da sama da mil 2,000 na irin waɗannan tituna cikin tsarin, aka liƙa musu garkuwa. Daga nan ne haɗaka mafi tsawo a duk tsarin ta fito: 80 da 90, mil 278, wato kilomita 447, daga kusa da Gary a Indiana har kusa da Elyria a Ohio. Ɗaya ta taso daga San Francisco, ɗaya daga Seattle, suka yi tafiyar awa huɗu da wani abu a tare, sannan 90 ta bi bakin tafkin Erie zuwa Cleveland da Boston, 80 ta miƙe zuwa Pennsylvania da New Jersey.

A kan wannan titin na Ohio akwai wani abu da nake gargaɗin duk sabon direba a kansa. Kusa da Youngstown, in kana kan 80 ka ci gaba da miƙewa ba ka karkata ba, sai ka tsinci kanka a kan 76. Titin biyan bai canja ba, lambar ce ta sauka ta hau wani titin, wata ta maye gurbinta. Wato miƙewa ba ita ce zama a kan lambarka ba.

Haɗakar 70 da 76 a Pennsylvania, daga New Stanton zuwa Breezewood, ita ma ta titin biya ce, kuma ƙarshenta ya zama abin labari. A Breezewood, 70 tana sauka daga titin biyan, ta bi ta cikin gari a kan tsohuwar hanyar US 30, da fitilun ba da hannu da gidajen mai da masaukai, kafin ta koma babbar hanya. Dokokin kuɗi na wancan zamani sun sa wuya a haɗa titin biya da na kyauta kai tsaye da kuɗin tarayya, kuma da kasuwa ta kafu a wurin, masu ita ba su ga dalilin a gyara ba. In Allah ya sa ka fara jan tirela, za ka tsaya a wannan danja, ka ga layin manyan motoci a tsakiyar abin da taswira ta ce babbar hanya ce.

Birane, da lambobin da suka zo daga baya

A cikin birni matsalar fili ce da mutane. Kowace sabuwar hanya unguwa take ci, kuma a shekarun 1950 da 1960 unguwannin baƙaƙen fata da na talakawa ne suka fi shan rusau. A Atlanta an haɗa 75 da 85 a titi ɗaya mai tsawon mil bakwai da rabi ta tsakiyar gari. A wasu biranen kuwa jama'a sun tashi tsaye har aka fasa aikin. An so I-95 ta ratsa ta tsakiyar Washington, aka soke shirin a 1977, sai aka ɗora lambar a kan rabin gabas na titin zobe da ya kewaye birnin. Da farko an cire 495 daga wannan rabin, mutane suka ruɗe saboda zoben ya zama rabi da lamba ɗaya rabi da wata, sai daga baya aka dawo da ita. Yau allon yana ɗauke da 95 da 495.

Akwai kuma inda titin ya daɗe yana zamansa, lambar ce ta zo ta same shi. Kowace jiha tana son garuruwanta su kasance a kan garkuwa mai shuɗi da ja, domin kamfanoni suna duba wannan kafin su kafa ma'ajiyar kaya ko masana'anta. Wisconsin misali ce. Daga Madison zuwa Portage, mil 29, titi ɗaya yana ɗauke da 39 da 90 da 94, kuma ita ce haɗakar uku mafi tsawo a ƙasar. Tun asali 90 da 94 ne a wurin. An ƙara 39 ne don a sada yankin Wausau da tsakiyar Illinois da lamba guda. Haka 41 ta Milwaukee ɗin nan, sai a 2015 ta zama ta wannan tsari.

Ka ma wuce irin wannan ba ka lura ba, ko ka lura ka share. Bayan Mount Airy, 'yan mil kaɗan kafin iyakar Virginia, allon yana cewa 74 da 77. Kana tsallaka iyaka 74 ta ɓace. A shekarun 1990 majalisar dokokin tarayya ta zana wata doguwar hanya da za ta sada yankin Ohio da gaɓar Carolina. North Carolina ta ɗauki abin da zafi ta gina nata ta kafa alluna, maƙwabtanta ba su bi ba. Shi ya sa akwai 74 daga Iowa zuwa Cincinnati, akwai wata a jiharku, tsakiyar kuwa babu.

To me ya hana a raba su?

Zaɓi uku ne a gaban masu tsara hanya. Na farko a gina titi na biyu a gefe, wanda a cikin dutse ko birni kuɗinsa ya wuce hankali, kuma sau da yawa ƙara layi biyu a kan wanda yake akwai ya fi arha nesa ba kusa ba. Na biyu a yanke ɗaya lambar, a ce 77 ta ƙare a Fort Chiswell, wata sabuwa ta fara a Wytheville. Wannan zai share allon, amma zai jefa matafiyi cikin wahalar haddace lambobi uku a tafiyar da ɗaya ta isa, ga shi lambobin masu harafi biyu sun yi ƙaranci har an maimaita wasu, irin su 76 da 84, a gabas da yammacin ƙasar. Na uku shi ne abin da ka gani. A ganina, a yawancin wurare zaɓin daidai ne, musamman a karkara. Haɗakar 20 da 59 daga Meridian ta Mississippi zuwa Birmingham ta Alabama ta kai mil 150, kuma ban taɓa jin direban da ya yi kuka da ita ba.

Inda nake da ja shi ne inda aka rataya manyan hanyoyi biyu a kan gada ɗaya ba tare da madadin kirki ba. Gadar Brent Spence, tsakanin Cincinnati da Covington, tana ɗauke da 71 da 75 a kan kogin Ohio. An buɗe ta a 1963, mai hawa biyu, an tsara ta don motoci kusan 80,000 a rana, yau tana ɗaukar kusan ninki biyu. A shekarun 1980 aka cinye gefen da mota ke tsayawa in ta lalace don a ƙara layi, saboda haka tayarka ta fashe a kanta, a tsakiyar motoci za ka tsaya. A ranar 11 ga Nuwamban 2020 tirela biyu suka yi karo a kanta, wuta ta tashi, aka rufe gadar har 22 ga Disamba. Mu da ke raba lodi mun ji a jikinmu: kayan da ke tsakanin Michigan da Florida da waɗanda ke tsakanin Cleveland da Louisville duk sai da aka sake musu lissafi, direbobi suna zagaye ta titin zobe na 275, awannin tuƙin da doka ta ba su suna ƙonewa a cunkoso. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ware kusan dala biliyan 1.6 don a gina wata gada a gefenta. Wato arhar da aka samu a farko, an zo ana biyanta daga baya.

Yadda za ka kama gabanka

Ni direba ne ba injiniya ba, kuma kowace jiha da ɗan salonta wajen kafa alluna, don haka abin da zan faɗa maka na bayan sitiyari ne, in ya saɓa da allon da ke gabanka, allon za ka bi.

Fara da lambobin mafita, domin su ne suka fi ruɗa baƙo. A yawancin jihohi lambar mafita tana bin mil ne, ana ƙirgawa daga iyakar kudu ko ta yamma ta jihar. In hanya biyu sun haɗu, ƙirgar ɗaya ake bi, ɗayar ta yi shiru har a rabu. A titinku na Durham ƙirgar 85 ake bi. Shi ya sa mai tahowa a kan 40 yana ganin lambobi sun haura 220, sai kwatsam su faɗo 130 da 'yan kai, ya wuce Burlington da Mebane a haka, bayan Hillsborough kuma su yi tsalle su koma 260 da wani abu. A Wytheville ƙirgar 81 ake bi. Kana kan 77 lambobi suna hawa har 32, ka shiga haɗaka sai ka ga 80, sannan 77, sannan 73, suna sauka, ka fita sai ga 41. Ka lura akwai mafita mai lamba 77 a cikin haɗakar, wadda ba ta da alaƙa da hanyar 77. Na sha karɓar wayar direban da ya fita a nan yana zaton ya bi hanyarsa, ya tsinci kansa a gaban gidajen mai. A Atlanta kuma ƙirgar 75 ce.

Wannan ba wasa ba ne ranar da mota ta lalace. In ka kira mai gyara ko 'yan sanda ka ce kana kan 77 a mil 76, za su neme ka a wurin da babu shi, domin 77 ba ta kai wannan tsawo a Virginia ba. Ka karanta ƙaramin koren allon mil da ke gefen titi, ka faɗi lambar da ke kai, ka ce kana cikin haɗakar 77 da 81, sannan ka ambaci garin da ka dosa. Abin da nake koya wa direbobina ke nan: sunan gari ba ya ruɗa kowa.

Shi ne ma babban makamin. Kowane babban koren allo yana ɗauke da sunan gari a ƙarƙashin garkuwa, kuma ba da ka ake zaɓar garuruwan ba, akwai jerin da hukumomin hanyoyi na jihohi suka amince da shi. Kafin ka tashi, rubuta garuruwan da ke gabanka a jere a ɗan takarda ka liƙa kusa da sitiyari. A tafiyar Columbus: Wytheville, Bluefield, Beckley, Charleston. In ka iso mararrabar Wytheville, ido ya nemi Bluefield. Bristol ba taka ba ce. A dawowa kuma Charlotte za ka nema, ka bar wa masu 81 Roanoke. Da haka ko allon ya ce kudu da arewa a lokaci guda, ba ruwanka.

Taswirar waya tana da amfani, amma a haɗaka takan kira lamba ɗaya ta bar ɗaya, wani lokaci ma ta kira wadda ba ita ce a ranka ba, sai mutum ya firgita ya yanko layi. Kuma taswirar ƙananan motoci ba ta san dokar tirela ba. A Atlanta, alal misali, babbar motar da wucewa kawai za ta yi ba ta da izinin bin haɗakar 75 da 85 ta tsakiyar gari. Dole ta zagaya ta zoben 285, sai fa in tana da kayan saukewa ko ɗauka a ciki. Waya za ta nuna maka ta tsakiya ta fi kusa, ɗan sanda kuma zai nuna maka takardar tara. Ka sayi taswirar da aka yi don manyan motoci, ta na'ura da ta littafi.

Sai batun layi. Haɗari a haɗaka yana taruwa ne a bakinta biyu, inda ake shiga da inda ake rabuwa, saboda a nan ne rabin motocin ke son komawa hagu, rabi dama. A rabuwar manyan hanyoyi biyu ba lallai taka ta kasance a dama ba, tana iya zama ta hagu, kuma layi biyu ko uku ne suke tafiya tare. Alluna suna fara sanarwa tun saura mil biyu. Da ka ga na farko, duba kibiyoyin, ka san layinka, ka shiga tun da wuri. Tirela mai cikakken lodi tana kai nauyin fam 80,000, ba a jefa ta layi a mitan ƙarshe. In ka ga ka makara, bi inda layin ya kai ka, ka juyo a mafita ta gaba. Minti goma ne.

In za ka sake yin Columbus, ga inda za ka sa ido bayan Wytheville. A Beckley 64 za ta shigo ta same ku, babu abin da za ka yi sai miƙewa, amma ka tanadi kuɗin ƙofa ko na'urar E-ZPass mai biyan kuɗin da kanta, domin akwai wuraren biya uku a kan titin, biyu daga ciki a cikin haɗakar. Titin yana da kwana da gangara sosai kafin Charleston, ka rage gudu tun kafin a ce maka. A cikin Charleston za a rabu: 64 ta yi yamma da sunan Huntington, 77 ta yi arewa da sunan Parkersburg, kuma jim kaɗan bayan nan 79 za ta ɓalle zuwa Clarksburg, wadda ba taka ba ce. Dukkan biyun farko suna kai mutum Columbus, ko ta 64 sannan US 35, ko ta 77 zuwa Ravenswood sannan US 33. Ka zaɓi ɗaya tun kana Beckley, kada ka bari sai allon rabuwar yana saman kanka.